Shenil

Shenil, wanda Turawa ke rubutawa chenille, wani irin zare ne mai taushi da gajeren gashi ya kewaye shi ta kowane gefe. Haka ake kiran yadi da adon da aka yi da shi. Sunan daga Faransanci ya fito, ma'anarsa tsutsa mai gashi. Abubuwa uku ne ke amsa wannan suna a kasuwa: zaren mai gashi kansa, wanda tun asali saƙa shi ake yi sannan a tsaga, da zanin gado mai tuntaye da ya yi tashe a kudancin Amurka, da shenil na kwaikwayo da masu ɗinkin bargo ke yi a keke. Hanyar yin su ba ɗaya ba ce, gashin da ke tashi a fuskar yadin ne kawai ya haɗa su.

Asalinsa a Turai

Masu bin tarihin tufafi sun fi karkata ga cewa a Faransa aka fara yin wannan zare cikin ƙarni na 18, wasu na kai shi wajen shekarun 1780. Dabarar farko ita ce a saƙa yadi wanda zaren tsayensa ke rukuni-rukuni, da ɗan fili tsakanin rukuni da rukuni. Idan an sauke shi daga masaƙa sai a bi filayen nan a tsaga shi tsiri-tsiri. Kowane tsiri ya zama zare guda, guntayen zaren kwance da aka yanke kuwa su ne gashinsa. Na siliki masu aikin allura suka fi amfani da shi wajen fitar da furanni da ganyaye.

A shekarun 1830 sana'ar ta kafu a garin Paisley na ƙasar Sikotland, garin da ya riga ya yi suna a saƙar mayafi. Ana danganta shigo da ita ga Alexander Buchanan, shugaban ma'aikata a wata masaƙa, wanda ya yi mayafan ulu masu laushi da wannan zare. Daga nan James Templeton da William Quiglay suka ɗauki dabarar suka kai ta ga kafet, suka yi mata rajistar mallaka a 1839. Sau biyu ake saƙa kafet ɗinsu. A saƙar farko ana jera launuka bisa zanen da ake so, a tsaga. A ta biyu sai a shimfiɗa tsirin nan ɗaya bayan ɗaya a kan ƙaƙƙarfar saƙa ta ƙasa, har zanen ya haɗu. Da haka aka samu kafet mai launuka masu yawa, mai kama da na ƙullin hannu na ƙasashen gabas, a farashin da bai kai nasu ba.

Kamfanin Templeton ya bunƙasa a Glasgow. Masana'antar da ya gina a bakin filin Glasgow Green, wadda William Leiper ya zana bisa fasalin tsohuwar fadar masu mulkin birnin Venice na Italiya, tana nan har yau. Ana cikin gininta, ran 1 ga Nuwamba 1889, iska ta ture bangon gaba ya faɗa kan rumfar saƙa da ke kusa, mata 29 suka rasu.

Zanin gadon Dalton

Abin da yawancin Amurkawa ke nufi da shenil ba a masana'anta ya faro ba, a hannun wata mace ya faro. Catherine Evans, wadda daga baya aka fi sani da Catherine Evans Whitener, an haife ta a 1880 a wata gona kusa da Dalton, arewa maso yammacin jihar Jojiya. Ana ba da labarin cewa tana 'yar shekara 12 ta ga wani tsohon zanin gado mai tuntaye a gidan danginta, aikin da a lokacin kusan an daina yi. Wajen 1895 ta yi nata na farko. A 1900 ta sayar da guda a kan dala biyu da rabi, masu so suka yi ta ƙaruwa har aikin ya fi ƙarfinta, ta shiga koya wa maƙwabta. A 1917 ita da ɗan'uwanta suka kafa kamfani.

A wancan lokaci, aikin da hannu ake yinsa. Ana shimfiɗa farin yadin auduga da ba a wanke ba a kan wani zanin da aka riga aka gama, a goga dunƙulen kaki mai launi a kai, tuntayen da ke ƙasa su bar tabo, zanen ya fito. Mai ɗinki sai ta bi tabon da babbar allura da zaren auduga mai kauri. In ta gama ta bi da almakashi tana yanke zaren tsakanin ɗinki da ɗinki. Sannan a tafasa zanin. Wannan tafasawa ita ce ke riƙe aikin gaba ɗaya, domin yadin yakan tsuke ya matse guntayen zaren ba tare da an ƙulla ko ɗaya ba. A shanya a igiya, iska ta kaɗa shi, tuntayen su buɗe su yi buzu-buzu.

Zuwa shekarun 1920 da 1930 dubban mutane a ƙauyukan yankin sun shiga sana'ar, mata da maza da yara, musamman da tattalin arzikin Amurka ya karye bayan 1929. Akwai masu bin gida-gida da mota suna raba yadi mai zane da zare, su dawo su kwashi wanda aka gama su biya ladan aiki. Ladan kaɗan ne ƙwarai in aka duba sa'o'in da zani guda ke ci, amma a gidaje da yawa shi ne kuɗin da ke shigowa. Wasu kuma sukan rataye nasu a bakin babbar hanya mai lamba 41, wadda matafiya ke bi zuwa Florida. Zanen ɗawisu ya fi kowanne yawa a igiyoyin, har aka riƙa yi wa wannan yanki na hanyar laƙabi da layin ɗawisu.

Dokokin albashi na 1933, da kuma ta 1938 wadda ta sa mafi ƙarancin lada ya zama santi 25 a sa'a, sun sa aikin gida ya yi wa 'yan kasuwa tsada. A daidai lokacin maƙeran yankin sun sarrafa keken Singer ya riƙa cusa zare mai kauri, wata 'yar wuƙa a ƙasa tana yanke shi. Aikin ya koma masana'antu. Da tuntayen suka zama layi a jere babu tazara, sai suka yi kama da zaren shenil na Turai, sunan ya bi su. Masu tara tsofaffin zannuwa har yanzu ba su daidaita ba kan inda aikin tuntu na hannu ya tsaya da inda shenil ya fara. Injinan suka ƙara faɗi da yawan allurai, aka shiga yin rigunan wanka da ƙananan dardumai, zuwa shekarun 1950 kuma kafet mai cika ɗaki. Dalilin da ya sa Dalton ta zama cibiyar kafet ta Amurka ke nan. Catherine ta rasu a 1964.

A ɗinkin bargo

Bargon da Amurkawa ke kira kwilt hawa uku ne: fuska mai ado, da auduga a tsakiya, da yadin baya, ɗinki ya ratsa su duka ya riƙe su. Irin dabarar da ake yin lifidi da ita ce a ƙasar Hausa. Tun rabin ƙarshe na ƙarni na 19 ake yin wannan ɗinki a keke, amma an daɗe ana ganin na hannu ya fi daraja. A 1989 wani bargo da wata mai ɗinki, Caryl Bryer Fallert, ta ɗinka a keke ya ci babbar kyauta a gasar barguna ta garin Paducah a jihar Kentucky, abin ya jawo gardama.

Shenil na kwaikwayo ya yaɗu a shekarun 1990. Ana jera yadin auduga uku zuwa biyar, a yi layukan ɗinki a karkace, daga kusurwa zuwa kusurwa, da tazarar kamar rabin inci. Sai a tsaga tsakanin layukan, a bar yadin ƙasa kaɗai. Karkatar nan ba ado ba ce: yadin da aka yanka a miƙe zarensa zarewa yake yi dogo-dogo ya cukurkuɗe, wanda aka yanka a karkace kuwa sai ya tashi gajeren gashi ya tsaya. Idan yadi ne mai hoto guda da aka buga, kamar dabba ko fure, ana sayen iri ɗaya uku ko huɗu a ɗora su hoto kan hoto daidai, domin bayan wanki hoton ya fito da gashi ba tare da ya dagule ba. Wurin tsagawar ne aka fi yin ɓarna, domin bakin almakashi yana iya huda yadin ƙasa. Shi ya sa ake da wata wuƙa ta musamman mai ɗan harshe da ke shiga tsakanin yadudduka.

Hanya mafi sauƙi ita ce tsirin da aka yanka a karkace, na saye ko na gida. Ana ɗora ɗaya ko biyu a kan layin zane, gefen ganye ko gezar dabba, a yi ɗinki guda ta tsakiyarsa. Wasu kan gama ɗinkin bargon tukuna su ɗora tsirin, wasu kuma su bar ɗinkin tsirin ya ratsa hawa ukun ya yi aiki biyu. Ana amfani da ƙafar keke mai haƙora, wadda ke jan yadin sama daidai da na ƙasa, don kada fuskar ta tattare. Inda ake son zane mai lanƙwasa sai a sauke haƙoran keken, mai ɗinki ya riƙa juya bargon da hannuwansa. In tsirin ya riga ya hau, ana kewaye shi ne, domin ɗinkin da ya taka shi yana danne gashin.

Kulawa

Gashin shenil na kwaikwayo ba ya tashi sai an wanke an busar, ko an jiƙa an goge da burushi mai tauri. Wankin farko yana zubar da tarkacen zare da yawa, don haka ana wanke shi shi kaɗai.