Ma'anar "kason ƙarfin aiki" a tashoshin lantarki na iska

Duk lokacin da aka ba da labarin tashar lantarki mai amfani da iska, adadin da ake fara ambata shi ne megawat, kamar tashar Lambar Rimi da ke jihar Katsina, wadda aka tsara ta da fankoki 37 masu ƙarfin megawat 10 gaba ɗaya. Mai sauraro a Gusau ko Birnin Kebbi yakan ɗauka cewa wannan adadin ne zai riƙa shiga waya dare da rana, alhali kuwa iyakar abin da injinan za su iya bayarwa ne a sa'ar da iska ta kai yadda ake so. Ma'aunin da injiniyoyi suka fi dogara da shi wani ne daban, wanda za a iya kira da Hausa kason ƙarfin aiki.

Mai injin casar shinkafa a Argungu ya san wannan lissafi ko da bai san sunansa ba. Idan injinsa na iya cashe buhu 100 a yini, amma saboda ƙarancin shanshera da tsadar man dizal bai wuce buhu 30 ba, to kashi 30 cikin ɗari na ƙarfin injin kawai ya mora. Haka ake auna tashar iska. Shekara tana da awa 8,760, saboda haka tasha mai megawat 10 da ba ta taɓa tsayawa ba za ta samar da megawat-awa 87,600 (megawat-awa ɗaya shi ne wutar megawat ɗaya na tsawon awa ɗaya). Idan abin da ta bayar a ƙarshen shekara 21,900 ne, kasonta ya zama kashi 25.

Bambancin da ake gani tsakanin yankuna yana da girma ƙwarai. Tashoshin da ke kan tudu a Jamus sukan tsaya tsakanin kashi 20 zuwa 25, na Amurka kuwa sukan kai kusan kashi ɗaya cikin uku, yayin da waɗanda aka kafa a cikin teku a gaɓar Birtaniya da Denmak sukan kai kashi 40 ko su zarce. A nahiyarmu, tashar Tafkin Turkana ta Kenya, mai fankoki 365 da megawat 310, takan haura kashi 50, domin iska tana ratsowa tsakanin tsaunukan Habasha da na Kenya ba ta yankewa.

Dalilin wannan rata shi ne ƙarfin da ke cikin iska yana hauhawa fiye da saurinta nesa ba kusa ba: idan saurin ya ninka sau biyu, ƙarfin yakan ninka sau takwas. Fanka ba ta fara samar da wuta sai iska ta kai kusan mita 3 a daƙiƙa, kuma idan ta kai wajen mita 25 akan tsayar da ita don kada ta lalace. Shi ya sa guguwar farkon damina, wadda ke yaye rufin kwano a Zamfara har mutane su ce ai muna da iska, ba ta da wani amfani a wannan lissafi. Iskar hunturu mai kaɗawa a hankali tsawon makonni ta fi ta daraja, sai dai ita ma watanni kaɗan take yi.

Kada a rikita wannan kaso da ingancin fankar kanta. Tun a 1919 Bajamushe Albert Betz ya nuna cewa babu fankar da za ta iya kwashe fiye da kashi 59 na ƙarfin iskar da ta ratsa ta, kuma wannan iyaka ɗaya ce a Kebbi da Kenya. Abin da ke sauyawa shi ne wurin da aka kafa ta, da tsawon hasumiyarta, da yawan lalacewa, da kuma ko layin wuta zai iya kwashe abin da ta samar. Saboda haka ne kamfanoni ke kafa sandar awo su bibiyi iskar wuri na aƙalla shekara guda kafin su zuba ko sisi.