Idan babur ya mutu maka a titin ƙasar Turawa: tambayoyi da amsoshi kan zaɓen agajin gefen hanya

Duk wanda ya yi yawo da babur a gida ya san lalacewa a hanya ba ta cika tayar da hankali ba. Taya ta sace maka a hanyar Wudil, ka sauka ka tura, kafin gumi ya jiƙa maka riga ka hango mai faci a gindin darbejiya da famfonsa da bahon ruwansa. Mai ya ƙare, ga ɗan bumburutu da galan. Amurka da Ingila babu ko ɗaya daga cikin waɗannan. Kana iya yin awa biyu a gefen titi, manyan motoci suna kaɗa ka da iska, babu wanda zai ce maka sannu. Matasanmu da ke zaune a can, masu hawa babur don zuwa aiki ko makaranta ko kai saƙon abinci, suna yawan yi mini tambayoyi a kan tsarin agajin da ake biya. Ga waɗanda suka fi maimaituwa, da amsar da nake ba su.

Malam, ba inshorar babur ɗina ce za ta ɗauki nauyin wannan ba?

A'a, hanyar jirgi daban ta mota daban. Inshorar da doka ta ɗora maka a Ingila da kusan kowace jiha ta Amurka, aikinta biyan ɓarnar da ka yi wa wani ne idan an yi haɗari. Agajin gefen hanya kuwa kuɗi ne kake biya duk wata ko duk shekara, a ba ka lambar da za ka kira dare ko rana idan babur ya ƙi tafiya. Za su zo su tayar maka da batir, ko su kawo ɗan man da zai kai ka gidan mai, ko su ɗauke babur ɗin zuwa gareji. Kuɗin gyara da na kayan gyara yana wuyanka. Ko man da aka kawo ma, a wasu tsare-tsaren kawowar ce kyauta, kuɗin man kai za ka biya.

Ina da katin AAA da na yi saboda motata. Ai ya wadatar ko?

Nan ne mutanenmu suka fi faɗawa rami. AAA, ƙungiyar direbobi ta Amurka da aka kafa a Shikago a 1902, tarayya ce ta ƙungiyoyin yanki-yanki, kowane yanki da nasa sharuɗɗan. Gaskiya ne katin yana bin mutum ne, wato duk motar da kake ciki, ko ta abokinka ce, za su zo. Amma kalmar "mota" a takardarsu ba lallai ta haɗa da babur ba. A yankuna da yawa sai ka hau mataki na sama, ko ka ƙara wani kuɗi na musamman, kafin babur ya shiga. A wasu yankunan kuma yana ciki tun farko. Saboda haka abin da ɗan'uwanka na wata jiha ya gaya maka game da katinsa ba hujja ba ce a kan naka. Ka kira reshen da ya ba ka katin, ka tambaye su kai tsaye ko babur yana ciki, sannan ka nemi su nuna maka layin da aka rubuta hakan. Maganar baki ta mai amsa waya ba za ta ɗauke maka babur da tsakar dare ba.

Me ya sa ake ware babur? Ai ya fi mota sauƙin ɗauka.

A ido ne kawai. Mota idan tayarta ta fashe, mai agaji zai buɗe but ya ciro safaya ya sauya, minti ashirin an gama. Babur ba ya yawo da safaya. Idan tayarka marar tub ce kuma ƙusa ce ta shige ta ta ƙasa, ana iya cusa mata roba a hura ta, ka lallaɓa zuwa gareji. Idan mai tub ce, kamar yadda yawancin babura masu wayoyi a ƙafa suke, sai an kwance ƙafar gaba ɗaya, kuma ba kowane mai agaji ne zai yi wannan a gefen titi ba. Ke nan abin da a mota ɗan ƙaramin aiki ne, a babur ya zama ɗauka.

Ɗaukar ma sai wanda ya iya. Motar janwe irin wadda ke ɗaga ƙafafun mota biyu ta ja ba ta dace da babur ba sai in tana da maƙalin da aka yi dominsa. Wadda ake so ita ce mai shimfiɗaɗɗen baya da ke sunkuyowa har ƙasa, ko ƙaramar tirela ta babura. Ka tsaya ka kalli wanda ya san aikinsa: zai tura babur ɗin sama a hankali, ya dasa tayar gaba cikin wani ƙarfe mai kama da baki da ke riƙe ta, ya zagaya laushin maɗauri a ƙasan wuyan babur ta dama da hagu, ya ja su daidai wa daida har gaban ya ɗan nutse, sannan ya ɗaure baya. Ba zai saƙala ƙugiyar ƙarfe a jikin fenti ba, ba zai matse igiyar birki ba. Wanda bai iya ba kuwa zai bar shi a kan jak ɗin gefe, ya ɗaure kan babur ta wajen totur, kafin a isa gareji an karya madubi ko an lanƙwasa wani abu. Na taɓa ganin wani bawan Allah da batir kawai ya mutu masa, amma ya isa gida da tsagaggen murfin gefe saboda yadda aka ɗaure masa mashin. Abin ya tsaya mini a rai, domin kuɗin murfin ya fi na batirin. Don haka idan ka kira, kalmar farko da za ta fito daga bakinka ita ce babur ne, ka faɗi girmansa, ka ce a turo motar da ta dace.

To a wurin wa ya kamata in saya?

Akwai ƙungiyoyin direbobi irin AAA. A Ingila akwai RAC da aka kafa a 1897, da AA ta 1905, da Green Flag. A Jamus akwai ADAC, wadda ma asalinta a 1903 ƙungiyar masu babur ce kafin ta zama ta masu mota. Akwai kuma kamfanonin inshora kamar Progressive da GEICO na Amurka, da ke ba ka damar liƙa agajin a jikin inshorar babur ɗinka. Wannan ya fi araha galibi, kuma babu shakka cewa da babur aka yi yarjejeniyar, sai dai yana bin wannan babur ɗin ne kaɗai, idan ka ari na wani babu ruwansu. Wasu kamfanonin kuma suna rubuta kowane kira a tarihinka, wanda ya yawaita kira yana iya ganin tasirinsa ranar sabunta inshora.

Sai ƙungiyoyin masu babur su kansu. AMA, ƙungiyar masu babur ta Amurka da aka kafa a 1924, tana da tsarin agaji ga 'ya'yanta. Ƙungiyar masu Harley-Davidson, wato H.O.G., ita ma haka. Wanda ya sayi sabon babur dal daga dila ya duba takardun da aka miƙa masa, domin kamfanoni da dama suna haɗa agaji na wani lokaci tare da garanti, kada ya biya kuɗi sau biyu a kan abu ɗaya.

A ganina, mai mota da babur, ko mai babur fiye da ɗaya, tsarin da ke bin mutum ya fi masa. Mai babur guda da ba ya hawa komai sai shi, na jikin inshora ya ishe shi, muddin nisan ɗaukar ya yi daidai da tafiyarsa.

Wane nisa kake nufi?

Wannan ita ce tambayar da na fi so a yi mini, domin a nan ne kuɗin yake. Kowane tsari yana da iyakar nisan da za a ɗauki babur kyauta, abin da ya haura kai za ka biya a kan kowane mil. A AAA, matakin farko mai suna Classic yakan tsaya tsakanin mil 3 zuwa 7, gwargwadon yanki. Matakin Plus yana kaiwa mil 100, kusan kilomita 160 ke nan, kamar ka ce daga Kano zuwa Zariya. Premier yana ba da ɗauka ɗaya ta mil 200 a shekara, sauran kuma 100. Yawan kira galibi huɗu ne a shekara.

Mil 5 tana iya isar mai mota, tunda garejin mota ko'ina akwai. Garejin babur kuwa ba shi da yawa, musamman da zarar ka bar gari. Ƙari a kan haka, shagunan babura da dama a Amurka suna rufe Lahadi da Litinin, ga shi Lahadin ce ranar da aka fi fita yawo. Sai ka duba yadda aka rubuta sharaɗin. Idan an ce za a kai ka gareji mafi kusa da zai iya gyaran, to ba kai ke zaɓa ba, ana iya ajiye maka babur a ƙofar shagon da ke kulle a garin da ba ka san kowa ba, kuma ɗauka ta biyu daga can zuwa gida ba a cika ɗaukar nauyinta ba. Idan an ce duk inda kake so cikin mil kaza, kana da ikon cewa a kai shi gida ko wurin makanikenka. Ka auna tafiyarka mafi nisa da ka saba yi, ka sayi abin da zai dawo da kai daga can.

Masu doguwar tafiya su tambayi wani ƙari da ke biyan kuɗin masauki da abinci da na mota idan babur ya kwana a gareji. Galibi ba ya aiki sai ka yi nisan mil 100 daga gida.

Ni da babur nake kai saƙon abinci. Tsarin zai yi mini aiki?

Ɗan'uwa, ka buɗe ido sosai a nan. Yawancin tsare-tsaren nan an yi su ne don hawa na kai da kai, kuma sukan cire abin hawan da ake sana'a da shi. Wanda ke yi wa Uber Eats ko DoorDash ko Deliveroo aiki, ya faɗi gaskiya tun ranar saye, ya nemi tsarin da ya amince da aikin. Ɓoyewa ba ta da riba: mai agaji zai iso ya tarar da kai da jakar abinci a baya, a ƙi ɗauka ko a soke yarjejeniyar, kuɗinka ya tafi. A Ingila ma inshorar kanta sai ka yi ta musamman ta masu ɗaukar kaya don a biya su. Sannan babur ɗin ya kasance da rajista da lamba. Ƙananan baburan nan marasa lamba da suka cika titunan Bronx a birnin Niyok, ba ƙungiyar da za ta amince ta ɗauke su, ga kuma 'yan sandan Niyok suna kwashe su.

Idan a ƙofar gida ya ƙi tashi fa?

Yakan faru sosai bayan hunturu, idan babur ya yi watanni a ajiye batir ya sauka. A Ingila, matakin farko na AA da RAC ba ya aiki sai ka wuce rubu'in mil daga gidanka, agajin ƙofar gida ƙari ne da ake biya daban. A Amurka galibi suna zuwa har gida. Ɗan ƙaramin cajan da ake jona wa batir tsawon lokacin sanyi zai rage maka wannan kiran.

Me zai hana in bari sai ya lalace sannan in yi rajista a waya?

Sun riga ka tunanin. Wasu za su karɓe ka nan take amma da ƙarin kuɗi, kuma ɗaukar nesa ba ta fara aiki sai bayan wasu kwanaki.

Wannan tsarin ya halatta kuwa a addini?

Tambaya ce da ta cancanci a yi ta. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1985, ta yanke cewa inshorar kasuwanci ba ta halatta ba saboda gararin da ke cikinta, wato rashin tabbas kan abin da za ka samu a madadin kuɗinka, ta kuma halatta ta taimakekeniya, wadda ake kira takaful. Abin da hukuma ta tilasta, malamai da yawa suna yi masa uzurin lalura. Agajin gefen hanya kuwa ba tilas ba ne, kuma ana saɓani a kansa: wasu suna ganinsa kamar kuɗin zama ɗan ƙungiya da ake biya don a yi maka hidima, wasu suna sa shi a sahun inshora tunda kana iya biya shekara ta ƙare ba ka kira ba. Ka ɗauki takardar yarjejeniyar ka kai wa malamin da ka yarda da iliminsa, wanda ya san yanayin ƙasar da kake zaune, ka karanta masa sharuɗɗan ɗaya bayan ɗaya.

Ya lalace, ina kan babbar hanya. Me zan fara yi?

Ka fara da ranka. Ka gangara gefe iya yadda za ka iya, ka kunna fitilun gargaɗi in akwai, ka sauka ka tsallake shingen ƙarfe ka tsaya bayansa. Kada ka zauna a kan babur, kada ka durƙusa kana duba inji da bayanka ga motoci. Idan babur ya tsaya a tsakiyar hanya ne, ko a irin manyan titunan Ingila da aka mayar da gefensu layin tafiya, ka kira 999, a Amurka 911, kafin ka kira kowa. Ka duba ƙaramin allon da ke nuna lambar mil a gefen titi, da shi mai agaji zai gano inda kake.

Wasu hanyoyin suna da nasu masu janwe da hukuma ta ba izini, kamar manyan titunan cikin birnin Niyok da New York State Thruway da New Jersey Turnpike. A nan ƙungiyarka ba lallai ta iya turo motarta ba. Wanda aka ba izinin ne zai sauke ka daga hanyar, wani lokaci ka biya daga aljihunka, daga baya ka nemi a mayar maka. Ka kira ƙungiyarka tukuna su gaya maka yadda za a yi, ka karɓi rasit mai ɗauke da sunanka da kwanan wata da lambar babur. Kafin a ɗora shi a mota ka ɗauki hotonsa ta kowane gefe. Idan kana da goyo a baya, ka faɗa tun a waya cewa ku biyu ne, domin gaban motar janwe ba ya da wurin zama da yawa. Lambar agajin kuma ka rubuta ta a takarda ka sa a aljihun rigar hawa, saboda wayar da ta wuni tana nuna maka hanya ita ce ke fara mutuwa.