Ɗaukar hoto da fim da wanke shi a gida: tambayoyi da amsoshi

Wai har yanzu ana yin fim ɗin hoto?

Ana yi. Kamfanin Kodak da ke Rochester a Amurka ya shiga karayar arziki a 2012, amma bai daina yin fim ba. Ilford a Ingila ma na ci gaba da yin na baƙi da fari. Wanda ya tafi shi ne Kodachrome, wani fim mai launi na Kodak, da aka daina yi a 2009. A 2024 Pentax ya fitar da sabuwar kyamarar fim mai suna Pentax 17, sai dai mai koyo tsohuwa ma ta ishe shi. Pentax K1000, wadda ta fito a 1976, tana ɗaukar hoto ko babu batir, ma'aunin haskenta kaɗai ke buƙatarsa.

Da wane fim zan fara?

Ni dai baƙi da fari zan ce, mai faɗin milimita 35, mai ɗaukar hoto 24 ko 36. Ilford HP5 Plus ko Kodak Tri-X, duka ISO 400 ne (ISO shi ne ma'aunin saurin kama haske na fim), kuma suna da haƙuri: ko ka ɗan yi kuskuren haske, hoto zai fito. Idan rana ta take, sa ƙofar hasken kyamara a lamba f/16, saurin ɗauka kuma a 1/500 na daƙiƙa. Idan ka shiga inuwa, ƙara buɗe ƙofar.

Sai ina da ɗakin duhu da jar fitila?

A'a. Jar fitilar nan ta buga hoto a takarda ce. Fim yana ganin jan haske, don haka tana iya lalata shi. Duhu ƙirin ake buƙata, kuma na 'yan mintoci kawai, lokacin da za ka fitar da fim daga gwangwaninsa ka naɗa shi a kan faifan roba ka sa a tankin wanki. Akwai baƙar jaka mai hannaye biyu da ake yin wannan a ciki, da lalube. Da ka rufe tankin, sauran aikin a fili ne. Ka fara gwada naɗin da lalataccen fim a cikin haske har hannunka ya saba, kuma hannun ya zama a bushe, domin gumi yana sa fim ya maƙale a faifan.

Yaya wankin yake?

A jikin fim akwai ƙananan ƙwayoyin gishirin azurfa. Duk inda haske ya taɓa, hoto yana nan a ɓoye, ido ba ya ganinsa. Sinadarin farko, irin su Kodak D-76 ko Ilford ID-11, shi ke mayar da waɗannan ƙwayoyin baƙar azurfa. Shi ya sa a negetif, wato fim ɗin da aka wanke, farar babbar riga take fitowa baƙa, inuwa kuma ta fito fara.

HP5 a cikin ID-11 da ba a sirka ba yana ɗaukar minti bakwai da rabi a zafin digiri 20 na ma'aunin Celsius. Kowane minti ka kifa tankin ka miƙe shi na daƙiƙa goma, sannan ka ɗan buga gindinsa a tebur don kumfar iska ta saki fim ɗin. Lokaci na cika, ka zubar, ka zuba ruwan tsayarwa, wanda ke dakatar da aikin sinadarin farko, ko ruwa zalla. Sai fiksa, wadda ke narkar da gishirin azurfar da haske bai taɓa ba, minti biyu zuwa biyar. Kada ka buɗe tankin kafin ta gama aikinta. Wajen ɗauraya kuwa Ilford na da dabarar da ta dace da inda ruwa ke da tsada: cika tankin ka kifa sau biyar ka zubar, ka sake cikawa ka kifa sau goma, sannan sau ashirin.

To, ina zan samu digiri 20 a watan Afrilu?

Nan ne wahalar take gare mu, kuma ita na fi so mai koyo ya ba muhimmanci. Ruwan tankin gida da ya wuni a rana yana iya wuce digiri 30. Zafi na hanzarta sinadari, kowane ƙarin digiri ɗaya na rage lokacin da kusan kashi 10 cikin 100, kuma idan lokacin ya gaza minti biyar wankin ba ya fita daidai. Ka sayi ma'aunin zafi, ka tsoma kwalaben sinadaran a roba mai ruwan randa da ɗan ƙanƙara, ka yi aikin da sassafe. Duk ruwan da zai shiga tankin ya zama kusan zafi ɗaya, saboda tashi daga sanyi zuwa zafi farat ɗaya na iya yamutsa fuskar fim.

Mai launi fa?

Tsarinsa shi ne C-41, wanda Kodak ya fito da shi a 1972. Ana yinsa a digiri 38, sinadarin farko minti uku da daƙiƙa 15, sannan a cire azurfar baki ɗaya, rinin launi kaɗai ya rage. A yanayinmu riƙe digiri 38 ya fi riƙe 20 sauƙi, ruwan ɗumi a cikin kular abinci ya wadatar. Amma ba shi da sassauci: ɗan kaucewar zafi yana karkatar da launi. Shi ya sa na ce ka bari sai hannunka ya faɗa.

Ajiya da shanya?

Fim ɗin da ba a ɗauka ba, a firji cikin leda mai rufi, kuma a bar shi sanyinsa ya fita kafin a buɗe. Kada a bar kyamara a cikin motar da ke rana. Lokacin hunturu ƙura ce abokiyar gaba, domin idan ta bushe a jikin jiƙaƙƙen fim da wuya ta fita. Ka rataye shi a banɗaki ka yayyafa ruwa a ƙasa, ka sa masa maƙalin shanya a ƙasansa don ya miƙe, ka rufe ƙofa har ya bushe. Tsohuwar fiksa tana ɗauke da azurfa, a tara ta a jarka mai alama, nesa da yara da rijiya.