Masu doki da kare da mussa a Sakkwato, ga amsoshinku

Tun da aka san ina da turke a bayan gida na zama wurin tambaya, tambayoyin kuma ba sa sakewa. Ga su nan na amsa gaba ɗaya.

Ina ake samun sirdi da linzami?

Babbar kasuwa, wajen dukawa. Likkafa da ƙarfen linzami kuwa aikin maƙera ne. Kana zaune a garin da ya yi suna wajen aikin fata kana neman sirdi a intanet? Ka dai gwada shi a bayan dokinka kafin ka biya, don sirdin da ya matse shi ke kawo mikin baya.

Harawa da dusa fa?

Kasuwar Kara. Ka saya da kaka ka jibge bisa rumfa. Wanda ya jira bazara ya sha tsada. Ka sunsuna tukuna, in tana warin fumfuna ka bar ta ko kyauta aka ba ka.

Akwai likitan dabbobi na gaske a garin nan?

Haba malam. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo na da tsangayar likitancin dabbobi da asibitinta na koyarwa, ga kuma asibitin dabbobi na gwamnatin jiha. Mai shagon magani ba likita ba ne ko ya sa farar riga. Ka karɓi lambar likita tun dabbarka na lafiya.

Dokina na birgima da tsakar dare, in ba shi magani ko in jira safiya?

Wannan kam ba zan iya yanke maka hukunci daga nesa ba. Birgimar nan galibi alamar ciwon ciki ce. Ciwon ciki suna ɗaya ne, amma iri-iri ne. Wani iska ce kawai ta taru: ka zaga da shi a hankali kamar rabin awa, ya yi tusa ya yi kashi, shi ke nan. Wani kuwa hanji ne ya toshe ko ya murɗe. Matsalar ita ce da farko kamanninsu ɗaya, yana tonon ƙasa da ƙafar gaba, yana waiwayen kwiɓinsa, ya kwanta ya tashi. Doki kuma ba ya amai, abin da ya shiga sai dai ya fita ta baya.

Abin da ni nake yi, ban ce dole ba ne: in ɗauke abinci, in ɗaga leɓensa in duba dasashi. In ruwan hoda ne da danshi, da sauƙi, sai in zaga da shi ina lura. In ya yi ja wur ko ya yi duhu, gumi na zuba, ba kashi, to kada ka jira gari ya waye, tada likita. Allurar rage zafi tana taimakawa, amma takan ɓoye ciwon, a ga doki tsaye alhali ciki na ɓaci. In har an yi masa, ka gaya wa likita wace iri ce da lokacin da aka yi.

Ɗura ta hanci kuwa, don Allah a bari. Na taɓa ganin an ɗaga kan wani ingarma an juye masa kwalbar man gyaɗa ta hanci, man ya wuce huhu. Ciwon cikin ya tafi, tarin ne ya kashe shi.

Kwantar da hankalinka, yawancinsu suna tashi. Amma ka tambayi kanka: ka ninka masa gero kwatsam don hawan salla ya matso? Kana zuba masa abinci a kan yashi? Akwai leda a turken? Ruwa fa? A Afrilu, zafi na haura digiri 40, doki na iya shanye jarka biyu ta lita 25 a yini, kai kuma kana ba shi bokiti ɗaya.

Zan iya wanke doki da maganin kaska na shanu?

A'a. Duba jikin kwalbar, in ka ga amitraz, guba ne ga doki, yana tsayar masa da hanji.

Mussata ba ta da lafiya, in ba ta paracetamol?

Kashe ta za ka yi. Kai ta asibiti cikin kwando mai murfi. Mussa ita ce kyanwa, ga Kanawan da za su tambaya.

Karen gadi ma sai an yi masa allura?

Shi ne ma kan gaba. Rigakafin haukan kare tun yana wata 3, sannan duk shekara. Allurar tana son sanyi, saboda haka ka ga an ciro ta daga firji ko cikin ƙanƙara, ba daga aljihu ba. In ya ciji mutum, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a wuce asibitin mutane ranar, ba sai an ga abin da hali ya yi ba.

Za ka ara mini doki ranar hawan angwanci?

A'a. Akwai masu haya, ka neme su.