Sadukiyawa daban, Farisiyawa daban fa

Mutane da yawa suna haɗa waɗannan ƙungiyoyi biyu na Yahudawan zamanin Yesu kamar Ɗanjuma da Ɗanjummai, alhali ba sa ga maciji da juna. Sadukiyawa su ne manyan firistoci masu riƙe da Haikalin Urushalima, masu hannu da shuni, kuma sam ba su yarda da tashin matattu ba, to ka ga dole su yi karo da almajiran Yesu tunda wa'azinsu kenan kullum. Su ne ma suka kulle manzannin Yesu, Gamaliyel da ya ce a ƙyale su kuwa Bafarisiye ne, wato daga ƙungiyar malaman Attaura. Ananus, babban firist ɗin da ya sa aka jefe Yakubu ɗan'uwan Yesu a shekara ta 62 miladiyya, Basadukiye ne. Da Romawa suka rushe Haikalin a shekara ta 70, shi ke nan aka daina jin ɗuriyar Sadukiyawa.