Sai da farar safar hannu ake taɓa tsohon kundi?

Na gaji gafakar kakana a birnin Zariya, cike da warƙoƙin Larabci da ajami. In sayi farar safar hannu irin ta talabijin?

Ajiye kuɗinka. Manyan ɗakunan karatu irin na Birtaniya sun fi son a taɓa takarda da hannu wankakke, busasshe. Safar auduga tana kashe jin yatsa, ba ka sanin inda takarda ta yi rauni sai ka ji ƙaras. Zarenta yana maƙale bakin warƙa, tana shan gumi, tana kuma kwasar ƙurar wannan shafi ta kai wancan. Kundayenmu ga su ba ɗinki, warƙa-warƙa suke, kowace sai an ɗaga ta ita kaɗai. Da hunturu kuwa takardar kan bushe kamar ganyen kuka.

To wane irin wanki?

Sabulu da ruwa, ka goge sosai. In alwala ka yi don Alƙur'ani ne a gabanka, jira hannun ya bushe tukuna, domin tawadar gargajiya ba ta shiri da laima. Kada ka shafa basilin ko man kaɗanya, ko da kaushi ya dame ka. Lasar yatsa don juya shafi kuwa, wadda da yawanmu muka taso da ita tun makarantar allo, a bar ta.

Ke nan safa ba ta da rana?

Tana da ita. Takobi, likkafa, kakaki, tasar tagulla, munduwar azurfa: gishirin gumi yana cin ƙarfe, shatin yatsa ya zauna ya ƙi goguwa. Haka tsoffin hotuna. A nan ake sa safar roba ta naitiril, shuɗiyar nan ta asibiti, marar hoda, wadda ta kama hannu daidai.

Farar robar asibiti fa?

Ta ɗanyen roba, wadda ake kira "latex", tana ɗauke da farar wuta, mai sa azurfa baƙi, wasu kuma tana sa musu ƙaiƙayi.

Idan kundin ya yi fumfuna?

Yanzu kai ake karewa. Sa naitiril da takunkumi, ka ware shi daga sauran, kada ka shanya shi a rana tsaka. Ka nemi shawarar masu kula da rubuce-rubucen hannu a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, ko Gidan Arewa a Kaduna, kafin ka kai masa tsumma ko gam.