Tambayoyi da Amsoshi Kan Haɗa Ƙaramar Tankar Yaƙi Don Tunawa da Tsohon Soja

Tambayoyi iri ɗaya ake ta maimaita mini game da ƙananan tankokin da nake haɗawa, galibi daga matasan Maraɗi masu son karrama kaka ko baffa da ya yi aikin soja. Ga amsoshin a wuri ɗaya, domin kada a sake tare ni da su a hanya.

Shin wannan ba wasan yara ba ne?

A'a. Yaro yana ƙera motar kara ko ta langalanga yadda ransa ya so, wannan kuwa kwaikwayon wata tanka ce takamaimai, da girmanta da launinta da alamominta.

Mene ne ma'anar 1/35 da ake rubutawa a jikin kwalin da sassan tankar ke zuwa a ciki?

Kowane santimita 1 a jikin ƙaramar yana madadin santimita 35 a jikin ta gaske. Tankar Sherman ta Amurka, wadda tsawonta ya kusa mita 6, takan dawo kimanin santimita 17. Kamfanin Tamiya na Japan ne ya yaɗa wannan ma'auni, kuma da shi ya kamata sabon hannu ya fara, domin sassan 1/72 sun yi ƙanana ƙwarai.

Zan iya zuwa bariki in ɗauki hoton motocin soja don in kwaikwaya?

Kada ka soma. A halin tsaron da yankinmu yake ciki, wanda aka kama yana ɗaukar hoton kayan soja ba zai samu mai sauraron bayaninsa ba. Hotunan tsofaffin tankoki da zane-zanensu sun cika intanet.

Kakana tsohon soja ne, amma ban san irin tankar da ya hau ba. Wacce zan haɗa?

Wannan ce tambayar da ta cancanci a tsaya a kanta, kuma amsarta ta danganta da zamanin da ya yi aiki da tutar da ya yi aiki a ƙarƙashinta. Mai yiwuwa ne ma bai taɓa hawa tanka ba. Mafi yawan mutanen ƙasar nan da Faransa ta ɗiba zuwa Yaƙin Duniya na Biyu sojojin ƙasa ne, a ƙafa suka yi yaƙinsu. Da yawa daga sojojin Afirka ta Yamma sun sauka a gaɓar Provence da ke kudancin Faransa a watan Agusta na 1944, amma rundunar tankokin Janar Leclerc na Faransa da ta shiga Paris a wannan watan an riga an cire baƙaƙen sojoji daga cikinta tun kafin ta isa Faransa. Saboda haka wanda ya haɗa Sherman ya rubuta cewa kakansa ne ya tuƙa ta zuwa Paris, ƙila ƙage yake yi wa tsohon ba tare da ya sani ba. Idan Sherman ɗin kake so, babu laifi, sai dai ka rubuta cewa irin tankar da aka yi yaƙi da ita ce a zamaninsa.

Idan Indochine aka kai shi, wato yankin Vietnam da Laos da Kambodiya, tsakanin 1946 da 1954, tankar M24 Chaffee ta fi dacewa, domin Faransawa sun yi amfani da ita a can, har sun kwashi wasu gunduwa-gunduwa a jirgin sama zuwa sansaninsu na Dien Bien Phu da ke arewacin Vietnam suka harhaɗa su a wurin. Idan kuma Aljeriya ce, daga 1954 zuwa 1962, ana iya duba Chaffee ɗin ko tankar AMX-13 ta Faransa. Wanda ya shiga rundunar Nijar bayan kafa ta a 1961, abin da ya fi saninsa motoci masu sulke ne masu tafiya da taya, irin su AML-60 da AML-90 na kamfanin Panhard, ba tankoki masu sarƙa ba. Kada ka raina su don ba su da girma, mutum uku ke shiga ciki, kuma igwar AML-90 mai milimita 90 ce. Akwai kuma gidajen da tsohonsu ta ɓangaren Katsina ko Jibiya ya shiga soja, Ingila ta kai shi ƙasar Bama (Burma) a Asiya, to wannan labarinsa daban ne, kayan Faransa ba su shafe shi ba.

Kafin ka kashe ko dala, ka nemi littafinsa na soja da takardun fanshonsa da lambobin yabonsa, ka duba bayan tsofaffin hotuna, sannan ka zauna da iyayenka mata, domin sau da yawa su ne suka riƙe sunayen garuruwan da ya riƙa ambata. Ka lura dai, tunanin iyali yakan cakuɗa yaƙi biyu ya mayar da su ɗaya. Idan takarda da baki suka saɓa, ni takarda nake bi, amma ba na ƙaryata tsohuwa a gabanta. Idan an rasa komai, ka tsaya a kan zamani da ƙasar da ya je, wannan ma ya wadatar.

Ya halatta a ajiye irin wannan abu a gida?

Tanka ba ta da rai. Ƙananan mutum-mutumin sojoji da kan zo cikin kwalin su ne abin tambaya, sai ka tuntuɓi malaminka, ko ka bar su a kwalinsu.

Me ya sa fentina yake yin ɓurɓushi?

Domin kana shafawa a tsakar gida cikin ƙurar hunturu, kuma kana labta shi da kauri saboda gaggawa. Ka wanke sassan da ruwan sabulu su bushe, ka goge gaɓoɓin da sanfefa mai laushi, ka tsinka fentin, ka shafa shi sama-sama, ya bushe kafin ka ƙara wani, sannan ka kifa kwali a kai. Haka nan kada ka shanya ta a rana cikin zafin Afrilu, roba ce, za ta lanƙwashe. Gam ɗin da ake yi mata aiki da shi narkar da robar yake yi ya haɗe ta, don haka ɗigo ɗaya ya isa. Wanda ya tuttula shi ya ɓata aikinsa.

Ba ni da kuɗin sayen ta kwali. Shi ke nan na haƙura?

Wane haƙuri? Gwangwani da waya da katako da kwali mai kauri duk suna yi, kuma garin nan ba a rasa maƙera da masu walda da za su taimaka da yanka ba. Sharaɗi ɗaya ne: ka samo tsawo da faɗi da tsayin ta gaske, ka raba kowane da 35, ka bi lissafin.

Hannuna bai ƙware ba, ina tsoron in kunyata tsohon.

Kwantar da hankalinka. Ba a taɓa ganin tankar da ta dawo daga fagen fama tana ƙyalli ba, ɗan karce da ƙura ma kama suke ƙara mata. Ka gwada hannunka a kan wata mai araha tukuna.

Me zan rubuta a katakon da za ta zauna a kai?

Sunansa, muƙaminsa, shekarun aikinsa, da inda ya je, daidai yadda suke a takarda. Kada ka ƙara masa galan da bai samu ba. Idan ya rasu, ka cika da addu'ar Allah ya jiƙansa, sannan ka sa gilashi ka rufe saboda ƙura da hannun yara.